Ranar da Wayoyin Gari Suka Mutu

Jama'a, ku matso kusa, yau da ciwon kai na zo muku. Wanda bai san ni ba, ni ce yarinyar nan da ta zauna da hankalinta, idonta biyu, ba wanda ya tsare ta da bulala, ta zaɓi karanta Tarihi a jami'a. Ina aji uku yanzu. Har gobe in baƙi suka tambayi abin da nake karantawa, sai Mama ta tuna ta bar ruwa a kan wuta.

Gwaggo kuwa, yayar Baba, ba ta gudu. Gyara zama take ta yi musu bayani dalla-dalla.

"Labarin matattu take karanta. 'Yar wance tana yi wa mutane allura, 'yar wane tana zana gidaje, tamu kuma ta san shekarar da aka fasa tukunyar farko a duniya."

Ita ce ta samo min saurayi. Asibiti ta je a cire mata haƙori, ta dawo da kumburarren kunci da lambar suruki. Likitan haƙori ne, dogo, mai gilashi, rigarsa kullum a goge kamar za a yanka burodi da karinta. Ranar da ya fara zuwa gidanmu na zaci leda ce ta alewa a hannunsa. Buroshi ne. Na kowa da kowa, har da Kaka, kowa da kalarsa. Tun ranar na ajiye lambarsa da suna Buroshi.

Ga irin saƙon da nake tashi da shi:

"Barka da safiya. Da fatan kin tashi lafiya. Kin goge har na can ciki?"

Ku faɗa min tsakaninku da Allah, da wane baki za a amsa wannan?

Ba wai ba ya burge ni ba ne. Yana da kirki, ba ya katse mutum in yana magana. Amma kun san in gida gaba ɗaya suka taru suna tura ka waje guda, ƙafarka sai ta yi nauyi. Na ce masa ya bari in gama karatu. Gwaggo ta ce karatun da ba zai saya min ko ashana ba, Allah ya kawo mai rufa min asiri ina yanga.

Ana cikin haka Farfesa ya ba mu aikin da ya jiƙa min aiki. A sashenmu Ina-Hujja muke ce masa, don ko gaishe shi ka yi ka ce an tashi lafiya, kallonka zai yi ta saman gilashi kamar zai ce ka kawo shaida. Ya ce kowa ya nemo dattijo, ya ɗauki muryarsa a kan wani abu da ya faru a gabansa, ya rubuta. Wanda ya faɗi wannan kwas sai ya maimaita shekara.

Ni ko a jikina. Ina da Kaka a ɗakin baya.

Kaka, mahaifiyar Baba da Gwaggo, ta yi aiki a ofishin waya tana budurwa, zamanin da in kana son magana da wani sai ka ɗaga waya wata ta haɗa ku da hannu. Da na gaya mata, ta ce in ba ta lokaci. Na dawo na tarar ta saka doguwar rigarta ruwan toka mai aiki a wuya, ta ja kwalli, ta fesa turare har rediyonta yana ƙamshi. Ta zauna a gaban kabad ɗin kofunan nan nata da ba wanda ya taɓa shan ko ruwa da su.

"Kaka, murya fa kawai zan ɗauka."

"Muryar ma ta fi fita in mutum ya yi kwalliya. Kunna, ja'ira."

Ta yi murmushi, wushiryarta ta bayyana. Ta kwatanta min katon allo mai ramuka, da igiyoyi masu kan ƙarfe, da fitilu ƙanana da ke kamawa in an kira. 'Yan mata biyu ne ke karɓa-karɓa, ta safe da ta yamma. Ita ce ta yamma, kujerarta kusa da taga.

"Kina sauraron hirar mutane?"

"Allah ya kiyaye! Haramun ne a aikin." Ta gyara ɗankwali. "Sai dai in magana ta faɗo kunne da kanta. Ita kuma magana ba ta da tarbiyya."

Sai ta ba ni labarin ranar da wayoyin gari suka mutu ɗungurungum. Asibiti shiru, tashar jirgi shiru, 'yan kasuwa suka koma aika yara da gudu, har washegari. Ta ce wani mai gyaran layi ne ya jawo, wani mai hawa falwaya, mai keke da katon kai, ya hau sama ya datse babbar waya.

"Me ya sa ya datse?"

"Wauta."

"Ya sunansa?"

"Na manta."

Matar da yanzun nan ta karanto min lambar gidan mai, da ta ofishin 'yan sanda, da ta wani tela da ya mutu kafin a haifi Baba. Na dai kashe rikoda.

Na kai wa Farfesa ina rangaji. Ofishinsa littattafai har rufi, kujerar baƙi ma su ke zaune a kai, a tsaye ake ganinsa. Ya saurara ido a rufe. Da muryar Kaka ta ƙare ya buɗe ido ɗaya.

"Ina hujja?"

"Ranka ya daɗe, ai ita ce hujjar. Tana wurin."

"Tana wurin, kuma tana jin haushin wani. Ba ki ji yadda ta ce katon kai ba? Baki ɗaya ba tarihi ba ne, hira ce. Ki nemo wani da ya ga ranar nan. In ba ki samu ba, mu haɗu baɗi."

Na fito na zauna a kan matattakala ina hango fuskar Gwaggo ranar da za a ce na faɗi labarin matattu. Wayata ta yi ƙara, saƙon Buroshi ne.

"Ya karatu? Kada ki sha lemo mai sanyi da yawa."

Haushi ya sa na zazzage masa komai, saƙo a kan saƙo. Sai ga amsa:

"Kakana ya yi aiki a ofishin waya. Yana nan da ransa, kuma ba ya gajiya da magana."

Jama'a, ranar ce rana ta farko da na kira Buroshi da kuɗin wayata.

Ran Asabar na saka doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni, na yafa farin mayafi, na ɗauki jakar makaranta don kowa ya san aiki zan je. Bai hana Gwaggo leƙowa ta taga tana ɗaga min gira ba. Motarsa tana ƙamshin maganin kurkure baki. Bai tayar ba sai da na ɗaura bel.

Kakan nasa, Injiniya jikoki ke ce masa. Mun same shi shi kaɗai a falo, matarsa ta fita dubiya. Tsoho ne ƙaƙƙarfa, kai ba gashi ko ɗaya, kuma, Allah ya yafe min, kan yana da girma. A gefensa akwai tsohuwar waya baƙa mai juyawa, an shimfiɗa mata ƙyalle kamar jaririya. A bango ga hotonsa yana saurayi, ya maƙale a saman falwaya yana ɗaga wa mai hoto hannu.

Na ce wa kaina masu hawa falwaya ai da yawa.

Na kunna rikoda. Ina ambatar ranar da wayoyi suka mutu, tsoho ya buga cinya.

"Yarinya, kin zo gidan labari! Ai a kaina aka yi. An ce ni na datse waya. Ƙarya ce! Wata fitinanniya ce a ofis ta jawo."

"Wace ce, Kaka?" in ji Likita, wato Buroshin nawa.

"Ta yamma. Mai zama kusa da taga. Kyakkyawa ce, ba zan ci haƙƙinta ba, amma bakinta ya fi filaya kaifi."

Biron hannuna ya tsaya.

Ya ce ya daɗe yana sonta. In ya shiga ofis sai harshensa ya ɗaure, ya tambayi ina tsintsiya ya fita. Sai ya yi dabara. Masu gyara suna da 'yar wayar hannu da suke maƙalawa a layi daga saman falwaya su kira ofis. Ya ce a can sama, ba ido a kansa, zai iya. Ya tsara kalamansa, ya haddace, ya hau, ya kira ta.

"Na ce mata, ke ce layin da ba ya yankewa a zuciyata. Na ce ko ruwa ko iska, ni mai gyara ne, ba zan bari ki yi tsatsa ba."

Likita ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kafaɗarsa tana rawa.

"Ina cikin zuba, sai na ji tari a layin. Tarin namiji. Sai na ji wata ta ce, ci gaba mana, ɗan samari. Ashe yarinyar nan ta ɗebi igiyoyi ta soka ni a kowane rami! Asibiti suna ji, tasha suna ji, mai gidan burodi yana ji. Shugabanmu na ofis ma yana ji, shi ne mai tarin. Wani har ya ce in maimaita wurin tsatsar, matarsa ba ta ji ba."

"Sai ka datse wayar," na ce a hankali.

"Ban datse ba! Filayata ma faɗuwa ta yi ƙasa don kunya. Ina riƙe da falwaya kawai na ji ɗif, gari ya mutu. Ita ta ƙona allon da haɗe-haɗenta. Ni aka rage wa matsayi, kuma shekara guda in na wuce a keke yara suna bina suna tsatsa, tsatsa." Ya numfasa, ya kalli tsohuwar wayar. "Tana da wata wushirya, in ta yi dariya sai ka manta a sama kake."

Likita ya ɗago kai a hankali ya dube ni. Na dube shi. Na kashe rikoda.

Muka shiga mota ni da Likita, muka wuce gidan mai. Can ya yi gyaran murya.

"Wushiryar nan... na san ta. Ni na wanke ta watan jiya."

"Kada ka ƙarasa."

"Ba zan bari ki yi tsatsa ba," ya faɗa, fuskarsa a ɗaure, idonsa a kan titi.

Sai ya fashe. Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya cire gilashi, ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye. Ban taɓa jin dariyarsa ba. Wata irin dariya ce mai fita ta hanci, marar aji ko kaɗan, ba ta dace da gogaggiyar rigarsa ba sam. Ina kallonsa ina dariya, sai na ji zuciyata ta yi wani abu da ban ba ta izini ba. Ku bar ni, ban shirya bayani ba.

Muka yi alkawari ba mai faɗa wa kowa sai na miƙa aikina.

Alkawarin bai yi kwana biyu ba. Da rana tsaka ina zaune a falo, abin sauraro a kunne, ina kwafe maganar Injiniya a kwamfuta. Gwaggo tana kan kujera a tsaye tana gwada sabon labule, wai iyayen Likita sun ce za su zo su ga Baba, ba za a tarbe su da tsohon labule ba. Mama tana riƙe mata ƙasa. Baba yana karatun jarida. Kaka tana kan doguwar kujera tana gyangyaɗi, carbi a hannu.

Gwaggo ta juyo za ta sauko, gefen labule ya kwashi igiyar kunnena ya fizge.

Muryar tsoho ta cika falo, tas, kamar yana tsakiyarmu:

"...kyakkyawa ce, ba zan ci haƙƙinta ba, amma bakinta ya fi filaya kaifi."

Na kai hannu zan kashe.

"Bar shi," in ji Kaka.

Idonta a buɗe tar. Gyangyaɗi ya gudu. Haka muka zauna aka ji komai, layin zuciya, tsatsa, tarin shugaba. Baba ya ɗaga jarida ya rufe fuska, jaridar tana karkarwa. Mama ta cusa bakin labule a baki.

Da aka zo wurin ƙona allo, Kaka ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, abin da rabonta da yi tun ina sakandare.

"Ni na ƙona allo? Ni? A ina kika samo wannan maƙaryacin?"

"Injiniya ne, Kaka. Kakan Likita."

"Injiniyan ina? Mai hawa falwaya ne! Wato har yanzu bai mutu ba?"

"Inna," in ji Baba daga bayan jarida, "ashe an taɓa ce miki ba za ki yi tsatsa ba?"

"Rufe min baki, kafin in tuna maka shekarun da ka yi kana fitsarin kwance." Ta juyo kaina. "Ke kuma 'yar tarihi, kunna abin naki ki ɗauka. Ya gaya miki me ya sa na soka shi a layi? Ranar da wuri na zo aiki. Na ɗauki abin kunne zan karɓi ta safe, sai na ji shi yana gaya mata kalaman nan. Su ɗin dai, har tsatsar! Da yamma kuma ya kawo min su, ko ɗumamawa bai yi ba."

Na tura wa Likita saƙo a ƙarƙashin mayafi. Amsa ta zo nan take, ashe yana gidan kakan.

"Ya ce gwaji yake yi. Wai ta safen ce take gyara masa kalmomi."

Na karanta wa Kaka. Ta yi wata dariya da ta sa Gwaggo saukowa daga kujera.

"Gwaji? To tambaye shi wa ya aura."

Na tambaya. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito, ta ɓace.

"Ta safen. Kakata ce."

Kaka ta koma ta zauna, ta gyara rigarta, ta ce da murya mai sanyi, jinin mutumin nan ba zai shigo gidanta ba tana numfashi. A mayar musu da buroshinsu.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka.

"Kun gani ko? Kun ga abin da nake faɗa? Wasu 'ya'yan suna karatu su kawo albashi, tamu ta je ta tono abin da aka binne tun kafin a haife ni, ta kashe aurenta da hannunta! Ga labule na saya!"

Ni da nake ta neman hanyar da za a ƙyale ni da zancen Likita, ga hanya ta buɗe har da fitilu. Da na yi shiru, shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana magana ba tare da ya yi shawara da ni ba.

"Ni dai ina son sa."

Baba ya sauke jarida. Mama ta saki labule.

"Me kika ce?" in ji Gwaggo.

"Na ce ina son sa. Ba shi ya hau falwaya ba. Kuma ba don ya rufa min asiri ba, asirina a rufe yake. Karatuna zan gama, in yi na gaba, in zama farfesa in Allah ya so, kuma shi nake so."

Kunya ta zo daga baya, ta rufe ni tun daga ka har ƙafa. Kaka ta daɗe tana kallona. Na ga bakinta ya ɗan motsa kamar wushirya za ta leƙo, ta danne.

"To na ji. Sharaɗi ɗaya. Ya faɗa da bakinsa a cikin abin nan naki cewa shi ya kashe wayoyin gari, ni ban ƙona komai ba. A rubuta, a kai jami'a, a ajiye. In ya yi, su zo."

Na ruga ɗaki na rufe ƙofa na rubuta masa. Ban gaya masa abin da na faɗa a falo ba, ashe Gwaggo ta riga ni, ta kira shi tana kuka tana ba shi labari.

"An ce kin ce wani abu," ya rubuto.

"Baki ɗaya ba tarihi ba ne."

"To ina jiran baki na biyu."

Na kifa wayar a kan filo, na ɗauka, na kifa. Sannan na rubuta masa, gajere, ba zan gaya muku ba. Ya turo alamar haƙori guda goma. Bayan ɗan lokaci kuma ya turo wanda ya kashe min jiki:

"Akwai matsala. Kakana ya ce ko za a rataye shi a falwaya ba zai amsa laifin da bai yi ba. Shi ma ya kafa sharaɗi. Sai ta amsa ita ta ƙona allo, in ba haka ba babu mai taka gidanku."

Na zauna a bakin gado. Shaidu biyu da Farfesa ya nema na samu, kowanne ya rantse ɗayan ne. Aikina ya tsaya, aurena ya tsaya, duk a kan wata waya da tuni aka sayar da ƙarfenta.

Sai ga saƙon murya daga lambar da ban sani ba. Hoton kan lambar tukunyar fure ce. Na danna. Muryar tsohuwa ce, siririya, a nutse, irin ta wadda ta saba magana a waya, ana jin ƙarar famfo a bayanta kamar ta buɗe shi don kada a ji ta.

"Salamu alaikum. Ke ce yarinyar jikana, mai karatun tarihi? Ni ce ta safe. Na ji abin da su biyun suka gaya miki, kuma daga shi har ita ba wanda ya san abin da ya faru. Shi bai datse ba, ita ba ta ƙona ba. Ni na sauke babban makunni da hannuna, na saka mabuɗin ɗakin a jakata na tafi gida. Ki zo gobe in mai gidan ya fita aski. Ki taho da abin ɗaukar maganar, ki cika masa caji sosai."

Famfon ya ci gaba da zuba. Na zaci ta gama. Sai ta ƙara da cewa:

"Ki gaida min kakarki. Ki ce mata har yanzu kofin shayinta na ofis yana wurina."